Bindigar Sarki Tanimun: Zaɓin da Damagaram Ta Yi da Abin da Ya Biyo Baya

Duk mutumin da ya ƙudura niyyar mallakar bindiga, ko maharbi ne mai neman naman miya a dawa, ko kuwa sarki ne wanda Allah Ya ɗora wa nauyin tsaron talakawa, matuƙar dai abin da ke hannunsa ƙayyadadde ne, ba makawa sai ya tsaya a gaban mas'aloli uku kafin ya miƙa dukiyarsa ga mai sayarwa. Ta farko ita ce nisan da harsashinta ke kaiwa, da kuma ko yana faɗawa daidai inda aka auna. Ta biyu ita ce tsadarta, wato guda nawa abin hannun zai iya saya. Ta uku kuwa, wadda galibin mutane ke gafala da ita alhali ita ce uwar sauran, ita ce abin da za a riƙa ɗura mata, da wanda zai gyara ta ranar da ta lalace. A zamaninmu masu sha'awar harbin nesa a ƙasashen Turai da Amurka suna cika mujallu da muhawara a kan wace bindiga ce ta dace da mai koyo, da wane madubin hangen nesa za a ɗaura mata, da nawa za a kashe wa kowannensu. Amma tun fiye da shekara 150 da suka shige wani sarki a birnin Zinder ya tsaya a gaban waɗannan mas'aloli, kuma abin da ke bisa ma'auninsa a ranar shi ne daula ɗungurungum da rayukan mutanen cikinta. Jawabin da ya bayar, da amfanin da jawabin ya haifar, da ranar da ya daina amfani, su ne abin da nake son mu yi nazarinsu a tsanake.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a wannan yanki kafin Damagaram ta ɗaga kai. Limamin Barno Ahmadu ɗan Furtuwa ya rubuta cewa Mai Idirisu Alauma, a ƙarshen ƙarni na 16, yana da 'yan bindiga waɗanda Turkawa suka koya wa harbi. Tarihin Kano kuma ya ambaci shigowar bindigogi a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743. Duk da haka, ƙarni bayan ƙarni, yaƙi a ƙasashen nan ya zauna a hannun barade masu lifidi da sulke da mashi da takobi, da dakaru masu baka da kibiya mai dafi, har ma nasarar da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka samu a Tafkin Kwatto cikin 1804 ta rataya ne galibi a kan 'yan baka. Sababin haka kuwa a fili yake: bindiga tana da wuyar samu, albarushi ya fi ta wuya, kuma gwanin baka yakan saki kibau da dama kafin ɗan bindiga ya gama ɗuri ɗaya. Saboda haka sarakuna suka riƙe ta a matsayin kayan alfarma da tsoratarwa, guda goma ko ashirin a hannun bayin fada, ba su ga dalilin gina runduna a kanta ba.

Ita Damagaram ƙaramar sarauta ce a farkon al'amarinta, wadda wani malami Babarbare, Malam Yunusa, ya aza harsashin gininta wajen 1731, tana ƙarƙashin inuwar Barno, tana kai gaisuwa. Abin da ya ɗaukaka sha'aninta shi ne mazauninta, tun daga ranar da Sarki Sulaimanu ya mai da fada Zinder a farkon ƙarni na 19. Ta zauna tsakanin Barno a gabas da daular Sakkwato a kudu da yamma, kuma ta kanta babbar hanyar ayari ta bi, wadda ke tasowa daga Tarabulus ta ratsa Gadamus da Gat da duwatsun Abzin da Agadas da Damargu, kafin ta sauka Kano. A unguwar Zango, bayan Birni, wato cikin garin Zinder inda fada take, Abzinawa masu raƙuma da Larabawan Gadamus ke sauke kayansu na alharini da takarda da sukari da jan ƙarfe, su ɗauki ƙirgi da gashin jimina da hauren giwa da bayi. Ta wannan hanya bindiga ke zuwa, kuma wanda ya riƙe Zinder shi ke fara ganin kaya kafin Kano ta gani.

Tanimun ɗan Sulaimanu ya ɗanɗani sarauta daga 1841 zuwa 1843, sa'an nan ta kuɓuce masa zuwa hannun ɗan'uwansa Ibrahim. Da ta komo masa a 1851 kuwa, bai sake ta ba sai da ajali ya riske shi a 1884. Mutumin da ya taɓa rasa gadon sarauta ya san abin da rashin ƙarfi ke jawowa, don haka ya fara da kewaye Birni da garu mai kauri da tsawo wajen 1856, sa'an nan ya juya ga sha'anin makami da himmar da babu wani sarki na zamaninsa a wannan yanki da ya yi irinta.

A nan ya wajaba mu fahimci irin kayan da ke kasuwa a lokacin, domin hikimar zaɓi ba ta bayyana sai an san abin da aka bari. Akwai tsohuwar bindiga mai sulɓin ciki, wadda ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki, a danna da tsinke, ƙanƙarar da ke bakin kunama ta ƙyasta wuta. Tana da arha, ba ta da wuyar gyara, sai dai harsashinta yakan yi yawo a cikin bututu ya fita yadda ya ga dama, har in abin harbi ya wuce taki ɗari sai dai a dogara ga sa'a. Akwai kuma sabuwa wadda aka sassaƙa wa zare mai murɗiya a cikin bututu, domin harsashi ya fita yana juyawa, ya miƙe sosai, ya kai nesa. Rundunonin Turai sun koma ga irin wannan cikin shekarun 1850, bayan da wani hafsan Faransa mai suna Minié ya ƙago harsashin da ya dace da ita, ba da jimawa ba kuma suka sake komawa ga wadda ake ɗura wa ta baya da harsashi mai kwanson tagulla. Duk lokacin da suka canza, sai su zubar da tsofaffin a kasuwa da arha, fatake su kwaso su zuwa Afirka.

Da Tanimun ya so, da ya tara dukiyarsa ya sayi 'yan ɗaruruwa na masu kai nesa, ya yi alfahari da su a gaban baƙi. Amma harsashi mai kwanso ba ya ƙeruwa a maƙerar Birni, sai an ɗauko shi a bayan raƙumi watanni cikin Sahara, a hannun fatake waɗanda in sun ga dama su kawo, in hanya ta ɓaci su zauna. Wanda ya dogara da shi kuwa ya zama kamar mai sayen ingarman da ba ya cin kowane hatsi sai wanda ake nomawa a bayan teku. Sai sarki ya zaɓi bindigar da ƙasarsa za ta iya ɗauke da nauyinta. Albarushi abu uku ne ake haɗawa: gawayi, wanda kowane daji ke bayarwa, da wani gishiri da ake tacewa daga ƙasa, wanda ake samu a yankin, da farar wuta, wadda ita ce ake sayowa daga arewa, kuma kaɗan daga cikinta ke isar da aiki mai yawa. Ya sa aka riƙa daka albarushi a Zinder, maƙera suna yin harsashi suna gyaran kunama da ƙota, har himma ta kai shi ga abin da ya ba maƙwabta mamaki, wato narka jan ƙarfe a zuba igwa a cikin birninsa, da hannun mutanensa. Masu tarihi sun ruwaito cewa rundunarsa ta kai ga mallakar bindiga wajen 6,000 da igwa wajen 40. Ko da za a rage wani abu daga wannan adadi saboda ƙarin gishirin masu ba da labari, abin da ya saura ya fi ƙarfin duk wani sarki da ke kewaye da shi.

Tadbirinsa bai tsaya ga ƙarfe ba, ya haɗa da wanda zai riƙe shi. 'Ya'yan sarauta da manyan barade suna ganin yaƙi a ƙasa da bindiga ƙasƙanci ne, mutuncinsu yana bisa sirdi. Sai sarki ya damƙa bindigogin a hannun bayinsa, waɗanda ba su da dangi mai neman gado, ba su da uban da ya wuce shi. Da haka ya sami runduna mai jin maganarsa shi kaɗai, ya kuma rage wa masu sarauta ƙarfin da za su yi masa tawaye da shi, domin albarushi a rumbun fada yake, kuma bindigar da ba a ba ta albarushi ba sanda ce. Amfanin wannan siyasa ya bayyana da sauri. Mirya da sauran ƙasashen Sosebaki suka shiga ƙarƙashinsa, Muniyo ta bi, fatake suka sami amincin hanya, kasuwa ta cika, kuma Shehu Umaru na Barno, mai fada a Kukawa, wanda a ƙa'ida shi ne uban gidan Damagaram, ya wayi gari yana duban yaronsa na yamma da idon taka-tsantsan. A gaban maƙwabcin da makaminsa mashi ne da kibiya, babu buƙatar harsashi ya faɗa daidai inda aka auna. Ya isa mutum ɗari biyar su saki wuta lokaci guda, ƙara da hayaƙi su firgita dawaki, sahu ya watse. Igwar ma, ko da ɓarnarta ba ta kai rugugin muryarta ba, ta isa ta sa mutanen ƙaramin gari mai ganuwa su nemi sulhu tun kafin a kafa ta.

Sai dai adalci ya hana mu yabon wannan gini mu rufe ido ga abin da aka biya shi da shi. Bature James Richardson, wanda ya sauka Zinder a farkon 1851 a ƙarshen zamanin Sarki Ibrahim, ya shaida yadda sarki ke fita hari ya kamo mutane domin ya biya bashin da fatake ke binsa. Kuma wannan al'ada ba ta mutu da hawan Tanimun ba, bal ma bindiga ta ƙara mata kaifi, domin da bayi ake sayen bindiga, da bindiga kuma ake kamo bayi. Da yawa daga cikin waɗanda aka ɗaure aka kora cikin rairayi manoma ne na ƙauyukan kusa, waɗansunsu masu salla, alhali tun 1615 Shehu Ahmadu Baba na Tumbutu ya yi fatawa cewa bai halatta a bautar da Musulmi ɗa ba, har ya lissafa Barno da Kano da Katsina da Gobir cikin ƙasashen da Musulunci ya kafu a cikinsu. Wannan alhaki ne mai nauyi, kuma duk wanda ya ƙirga bindiga 6,000 wajibi ne ya tuna da iyalan da aka raba domin a tara su. Ƙasar da ke sayar da manomanta ta sayi makami tana rage hannuwan da za su riƙe makamin ranar da babban maƙiyi ya zo.

Babban maƙiyin kuwa yana tafe, kuma makaminsa yana sauyawa da saurin da ba a taɓa gani ba. A 1874 Faransa ta ɗauki bindigar Gras, wadda ake ɗura wa ta baya, soja na iya harba ta sau da dama cikin minti guda yana kwance, ta sami mutum a nisan ɗaruruwan mita. A 1884, shekarar da Tanimun ya rasu, wani masani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya ƙago albarushi marar hayaƙi, a cikinta kuma Hiram Maxim ya nuna bindigarsa mai ruwan harsashi a Ingila. A 1886 aka fito da Lebel, mai ɗaukar harsashi 8 a cikinta. Madubin hangen nesa, wanda aka ɗan yi aiki da shi a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, bai zama ruwan dare ba sai a yaƙin duniya na 1914, kuma waɗanda suka nufo Damagaram ba su buƙace shi ba. Ma'aunin ƙarfe mai lambobi da ke bisa bututu ya ishe su, tare da horon da ke koya wa soja ƙiyasta nisa da ido, da riƙe numfashi, da jiran umarni. Sa'an nan a ranar 2 ga Yuli 1890 dauloli suka sa hannu a kan yarjejeniyar Burasel, wadda da sunan hana cinikin bayi ta haramta sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindiga mai zare da harsashinta, ta bar musu ta ƙanƙara da albarushin kasuwa. Waɗansu na zamani sun ci gaba da kutsowa ta hanyar Tarabulus a ɓoye, da tsada, 'yan kaɗan. Amma ƙofar da ke buɗe a zamanin Tanimun an tura ta.

Ahmadu Kuran Daga, ɗan Tanimun, wanda ya hau gado a 1893, shekarar da mayaƙin nan Rabe ya rushe Kukawa, ya gaji rumbun ubansa da zuciyar ubansa. Ya ɗauki yaƙi har cikin ƙasar Kano a zamanin Sarki Aliyu Babba, aka gwabza a Gezawa, sunan Damagarawa ya zama abin tsoro, ko da yake birnin Kano bai faɗa hannunsa ba. Ana cikin haka sai ga wani kyaftin na Faransa mai suna Cazemajou ya iso Zinder yana nufin gabas. Fada ta ji tsoron kada ya je ya haɗa kai da Rabe, aka kashe shi tare da tafintansa a ranar 5 ga Mayu 1898. Abin da ya biyo baya aya ce ga mai lura: 'yan tsirarun sojojin baƙar fata da suka rako shi, a ƙarƙashin wani kofur, suka ƙi miƙa wuya, suka tare hare-haren birni guda na kwanaki da bindigoginsu masu kai nesa, sa'an nan suka janye suka koma yamma. In 'yan tsiraru sun yi haka, hankali ya isa ya auna abin da ɗaruruwa za su yi.

Ɗaruruwan suka zo bayan shekara guda. Rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone Lugu garin Sarauniya Mangu, ta zubar da jini a Birnin Ƙonni, ta rasa shugabanninta biyu a tsakiyar Yuli 1899 a hannun sojojinsu, ta ci gaba a ƙarƙashin Pallier da Joalland da Meynier. A ƙarshen watan aka haɗu a Tirmini, yamma da Zinder. Jarumtaka ba ta yi ƙaranci ba a sahun Damagarawa, amma barde da ɗan bindigar toka dole ne su ratsa fili mai faɗi kafin makaminsu ya yi amfani, kuma a cikin wannan fili ne harsashin abokan gaba ke aiki tun daga nesa, daga sahu mai harbi da umarni. Kafin rana ta faɗi an gama, Nasara suka shiga Birni, Sarki Ahmadu ya fita daji, aka cim masa aka kashe shi cikin Satumba. Igwogin Tanimun suka zama ganima. Faransawa suka gina bariki bisa dutse suka sa masa sunan Cazemajou, suka naɗa Ahmadu ɗan Bassa, suka tuɓe shi a 1906, kuma ba su mai da sarauta ga gidanta ba sai a 1923, lokacin da Barma Mustafa ya hau.

Mai gaggawar hukunci zai ce kuskuren Damagaram shi ne fifita yawa a kan inganci, amma tarihin maƙwabta bai goyi bayan wannan magana gaba ɗaya ba. Rabe yana da bindigogin zamani da runduna mai horo, duk da haka ya faɗi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900. Kano da garunta ta faɗa hannun Ingilishi a Fabrairu 1903, Sakkwato ta bi a Maris. Waɗanda suka daɗe suna tsaye kuwa, sirrinsu a wani wuri yake. Sarki Menelik na Habasha yana da hanyar da ke kai shi bakin teku, ya sayi bindigogin zamani da harsashinsu da yawan gaske, ya karya Italiya a Adawa cikin 1896. Almami Samori kuma, can yamma, ya sa maƙeransa suka kwance bindigar Gras suka koyi cikinta, har suka riƙa ƙera irinta suna sake cika kwanson harsashi, ya yi ta fama da Faransa daga 1882 har aka kama shi a 1898. Misalin Samori ne ya fi kusa da mu, domin hanyarsa ita ce hanyar Tanimun, sai dai shi ya ƙara taku ɗaya a kanta.

Saboda haka hukuncina shi ne, Tanimun ya yi zaɓin mai hankali a zamaninsa: ya auna maƙiyin da ke gabansa, ya auna dukiyarsa, ya ɗauki makamin da maƙeransa za su iya raya shi, kuma a wannan ya riga tsararrakinsa nesa. Gafalar ta zo ne daga baya, sa'ad da aka ɗauki rumbun da ya bari a matsayin gado wanda ya kammala, alhali abin da ya kamata a gada shi ne ɗabi'ar da ta cika rumbun, wato tambaya da gwaji da girmama mai sana'a. Shekara 15 ke tsakanin rasuwarsa da Tirmini, kuma a cikinsu ilmin maƙerar Birni ya tsaya inda ya bar shi, yayin da na abokan gaba ke ƙaruwa kowace shekara.

A yau bindigar toka ta koma hannun maharba da 'yan bindigar fada masu saka wuta ranar hawan salla, kuma muna roƙon Allah Ya bar ta a nan, domin ƙasashenmu sun ga isasshen abin da makami ke yi in ya yawaita a hannun da bai dace ba. Abin da nake kira gare shi shi ne ilmin da ke bayanta. Ɗan Zinder, marigayi André Salifou, ya sauke nasa nauyin tun 1971 da ya wallafa tarihin Damagaram na ƙarni na 19 da Faransanci. Saura a juya irin wannan aiki zuwa Hausa domin talaka ya karanta, a zauna da dattawan gidajen maƙera a rubuta abin da suka ji daga kakanninsu kafin ƙasa ta rufe su, a kuma koya wa ɗaliban makarantun sana'a cewa an taɓa narka ƙarfe an zuba igwa a cikin garinsu. Wannan nauyi yana wuyan fada da jami'a da malamai da attajiran Damagaram baki ɗaya, kuma jinkirta shi hasara ce. Allah Ya ji ƙan magabata, Ya yafe musu kurakuransu, Ya ba mu ikon ɗaukar darasi daga tarihinsu.